Kayan da Ba Ya Shiga Kwantena

Teburin da nake aiki a kansa a gidan Gwaggo shi ne teburin da ake yanka albasa. Da safe nawa ne ni kaɗai, daga hantsi kuma sai in matsar da kwamfuta can gefe in bar wa tattasai da attaruhu sauran wurin. Gidan yana sama a wani dogon bene da ke bayan titin Huanshi Lu, falonsa kuwa ya daɗe da daina zama falo. An shimfiɗa ledar ƙasa, an jera kujerun roba a jikin bango, 'yan kasuwarmu da suka zo sarin kaya Guangzhou suna hawowa su ci tuwo da miyar kuka, cikinsu ya huta da taliyar 'yan China. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka ba ta kiran sunana. Uwata take ce mini, ko da faɗa za ta yi mini.

Jamusanci na karanta a jami'a. Na gaya wa mahaifina ana samun aiki da shi, ya yarda. Ainihin dalilin kuwa wata waƙa ce da na ji an karanta a rediyo ina 'yar sakandare, ban gane ko kalma ɗaya ba, amma ta ƙi fita daga kunnena. Na ɗauka zan ƙare rayuwata a wani ɗaki mai taga, ina juya waƙoƙin Jamusawa zuwa Hausa. Ɗaki mai taga dai na samu. Tagar tana kallon bayan na'urar sanyaya ɗakin maƙwabta, abin da nake juyawa kuma dokokin sadarwa ne, daga Turanci zuwa Jamusanci, na wani ƙaramin ofishin fassara da ya ɗauke ni aiki. Nakan je ofishin jifa-jifa, sauran lokaci a gida nake yi. Idan na gama shafi na tura, wani tsohon Bajamushe da ban taɓa ganin fuskarsa ba yakan duba, ya dawo mini da shi da jan rubutu.

A shekarar da nake ba da labari an ba ni wani ƙaton rahoto a kan cinikin zango. Duk wanda ya tashi a gidan da ake kunna rediyo ya san zango da mita. To ba rediyo kaɗai ba, muryar da ke fitowa a waya da hoton da ke sauka a cikinta, kowanne yana da zangon da yake bi a iska, kuma zangunan suna da iyaka. Gwamnati ce ke raba su, wani lokaci ta yi gwanjonsu, a wasu ƙasashe kuma kamfanin da ya samu yana iya sayar wa wani kamfani haƙƙinsa ko ya ba shi haya. Wannan ciniki shi Jamusawa ke kira Frequenzhandel. Aikina shi ne in nemo wa kowace kalmar Turanci takwararta wadda lauyoyin Jamus suka sani, in riƙe ta daga farkon rahoton har ƙarshensa ba tare da na canza ba.

Ina da wata al'ada da ban samu a makaranta ba. Ba na iya sa abu cikin Jamusanci sai na fara faɗinsa da Hausa, a fili, na ji ya zauna a bakina. Haka nake wuni ina ƙunƙuni a gaban kwamfuta kamar mai lazimi. Wata kalmar kuma takan tsare ni. Akwai ɗan fili da ake bari babu kowa a tsakanin zango da zango, don kada muryar wannan ta shiga ta wancan, sunansa Schutzband. Na yi rabin safiya a kansa ina tuna layin gamba da kakana ke bari tsakanin gonarsa da ta maƙwabcinsa, da yadda tsuntsaye ke sheƙa a wurin da ba na kowa ba. Da shafin ya dawo daga Jamus, tsohon ya soke kalmomi biyu da na ƙara don daɗin ji, ya rubuta a gefe cewa wannan ba waƙa ba ce.

Lokacin babban baje kolin kayayyaki ne na unguwar Pazhou, na farkon shekara, lokacin da bangon gida ke gumi, wanki ya kwana a igiya bai bushe ba. A irin wannan lokaci Gwaggo ke samun abin da zai riƙe ta watanni. Rabin masu cin abincinta kuwa mutum ɗaya ke kawo su, wani dattijo ɗan Maraɗi mai sarin fitilun sola da ƙananan rediyo. Shi ya fara cin tuwon Gwaggo tun tana dafawa a tukunya ɗaya, shi ya riƙa jawo mutanen Maraɗi da na Yamai har suka mai da kusurwar taga tasu. Inda ya ci, nan suke ci. Gwaggo tana ajiye masa yajinsa daban a wata kwalba, ba mai taɓawa.

Wata rana ya iso da wuri, abinci bai sauka ba. Ya zauna yana fifita da hularsa, ni kuma ina ta fama da wani sakin layi a kan bambancin haya da sayarwa.

"Ɗiyata, mi kike ta faɗi ke ɗai? Na ji batun haya, na ji batun gwanjo. Gida za ki saye?"

"A'a, Baba Alhaji, aiki ne."

"Wane irin aiki ne wanga da ake gwanjo cikinsa?"

Tunda na fara rahoton nan ba wanda ya taɓa tambayata abin da ke ciki. Gwaggo ta ɗauke shi wani nau'in ciwon kai da ake biyan mutum ya yi. Don haka na juya kujerata gaba ɗaya na fuskance shi. Na ce ya ɗauka sararin da ke samanmu gona ce, an yanka ta fili-fili, ido ba ya gani amma kowane fili da iyakarsa. Na ce a daidai lokacin da muke magana, muryar wata uwa a Maraɗi tana ratsa ɗaya daga cikin filayen tana neman ɗanta, a filin da ke kusa kuma wani yana ciniki, wani yana ba matarsa haƙuri, ba wanda ke taka na wani. Na ji daɗin yadda maganar ke fitowa, na ƙara. Na ce gona ce da ba a yi mata taki, ba a jiran damina, an yi girbi yau gobe tana nan cike.

Ya daina fifita.

"Shina lalacewa in ya jima?"

"Ba ya lalacewa."

"Ruwa fa?"

"Ruwa ba ya yi masa komai, Baba."

"Kwantena nawa yake ci?"

Na yi dariya na ce ai ba ya shiga kwantena, ba shi da nauyi ko na gashin kaza.

"To duwan?" Haka mutanen Nijar ke kiran kwastan.

"Me za su buɗe su duba?"

"Kuma mutane na bukata tai?"

"Duk mai waya a aljihu, Baba. Ko bai sani ba."

Daga kicin na ji Gwaggo ta yi tari, irin wanda ba na maƙogwaro ba. Na ɗauka hayaƙin attaruhu ne. Daga baya na ji cewa a tafiyar da ta wuce kwantenar Alhaji ta daɗe a tashar jirgin ruwa, ruwa ya shiga kwalayen fitilunsa, ya yi asarar da har lokacin bai gama farfaɗowa ba. Mutumin da ke cikin wannan hali na zauna na zayyana wa kayan da ba ya jiƙewa.

Ya matso da kujerarsa, ya rage murya.

"Wane kamfani ne?"

Na gaya masa gaskiya. Na ce na sa hannu a ofis cewa ba zan faɗi sunan masu rahoton ba.

Ya yi murmushi ya gyaɗa kai. "Madalla. Hajiya Gwaggonki ta koya miki aiki."

Ya kamata in gane tun a nan, don a gidan dillalai nake zaune. A unguwarmu ta Xiaobei ba abin da mutum ke ɓoyewa kamar kamfanin da yake samo kaya. Dillali zai kai ka asibiti, zai ba ka ɗakinsa ka kwana, amma ba zai nuna maka ƙofar masana'antarsa ba, domin ranar da ka gan ta ka daina bukatarsa. Ana yage takardar da ke jikin kwali kafin a nuna samfur. Ana sauka daga tasi nesa da inda za a je. Kuma kowane babban ciniki da kalma ɗaya yake farawa, wato ni ba sayarwa nake ba, taimakon wani kawai nake yi.

Ranar Juma'a maza suka tafi masallacin Huaisheng. Ban san abin da aka faɗa a harabar masallacin bayan an idar ba, amma da suka dawo cin abinci gaisuwar da ake yi mini ta canza. Waɗanda da can suke cewa 'yan mata sannu da aiki, yanzu Hajiya ƙarama suke cewa. Wani ɗan Yamai mai sayar da batura ya tsaya a gefen teburina ya ce a unguwarsu rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya kamawa sai an hau katanga, ko akwai ɗan ƙarami da zai ishi unguwa ɗaya? Wani ɗan Kano mai gilashin waya ya tambaya ko akwai mai daraja ta biyu, don mutanensa ba sa son mai tsada.

"Ba na sayarwa," na ce. "Fassara kawai nake yi."

"Ai mun sani," in ji ɗan Kanon, yana ƙifta wa na kusa da shi ido. "Mu ma duk fassara muke yi."

Da na yi shiru a nan da abin ya mutu da kansa. Amma na ji ɗan Yamai yana gaya wa wani cewa sayen iskar ake yi ɗungurungum, kuskuren ya tsaya mini a rai kamar yadda yake tsaya wa tsohon Bajamushe. Na ce a'a, ba zangon kansa ake saye ba, haƙƙin amfani da shi ne, na wasu shekaru, kuma akwai wanda ake miƙawa gaba ɗaya, akwai wanda ake ba da haya mai shi yana riƙe da takarda. Kowa ya tsame hannu daga kwano. Wani ya ce, "Ka ji wadda ba ta sayarwa."

Bayan kwana biyu Alhaji ya zo ya ƙi zama a kusurwarsa. Ya tsaya a bakin kicin, abin da bai taɓa yi ba, ya yi wa Gwaggo magana a hankali, amma teburina yana kusa.

"Hajiya, tun kina da tukunya guda nike ci gidan ga. Ban taɓa roƙonki komi ba. Ban ce a ba ni kyauta ba, ban ce a rage mini ba. Cewa na yi in za a buɗe, a fara da ni."

"Alhaji, wallahi yarinyar nan ba ta da komai. Rubutu take yi. Ko kuɗin mota wani lokaci ni ke ba ta."

Ya juyo ya dube ta.

"Har ke, Hajiya?"

An zuba masa tuwo, ya ci loma kaɗan don kada a ce ya ƙi, ya wanke hannu ya fita. Washegari bai zo ba. Mutanensa ma ba su zo ba, ko ɗaya. Aka ce an gan su sun haye gadar ƙafa zuwa gidan wata 'yar Gine da ke dafa shinkafa.

Gwaggo ba ta rage awo ba. Kullum sai ta tuƙa tuwo kamar suna nan, da yamma mu juye ragowar a roba, firji ya cika har muka fara ba maigadin bene, wanda bai san yadda ake cin tuwo ba amma yana karɓa don ladabi. Ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi damuna ke nan. Na gan ta ta ɗauko kwalbar yajin Alhaji ta goge ta mayar. Ba cinikin kaɗai ke cin ta ba. Mutumin da ya san ta tun ba ta da kowa a garin nan yana ganin ta yi masa rowa, ta kuma rantse masa a kan ƙarya.

Ni kuwa a kwanakin nan na ci gaba da rahoton, na iso babin da ke bayanin wanda ya cancanci shiga gwanjo. Kamfani mai lasisi, mai turakun sadarwa a faɗin ƙasa, mai lauyoyi. Na ga ai ga maganin abin. Na fassara babin da Hausa a kaina, na same shi a shagon wani ɗan China inda yake gwada fitilu, na tsaya na karanto masa sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, da murya mafi bushewa da na iya. Ya saurare ni har ƙarshe yana kunna fitila yana kashewa.

"Ɗiyata, takarda kowa na da ita. Ni ma in ba ni son sayar ma mutum, sharuɗɗa nike karanta mishi."

Na dawo gida na gaya wa Gwaggo. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Uwata, ke da kika yi karatu har da Jamusanci, ba ki san abin da yake jira ba? Kai shi kamfanin."

"Gwaggo, ai ba kamfani ba ne. Ɗaki ne da tebura."

"Ki kai shi ya ga teburan. A nan garin in kana so mutum ya san ba ka ɓoye masa komai, ƙofar kake nuna masa. Bakinki ya jawo, ƙafarki za ta gyara."

Mai ofishinmu wata 'yar China ce mai saurin magana, kullum da gorar shayi a hannu, furanni suna yawo a ciki. Lawban muke ce mata, kamar yadda ake kiran duk mai shago a garin. Na yi ta juya yadda zan gaya mata, a ƙarshe na ce wani babana ne yake son ganin inda nake aiki. Ta ce wannan abu ne mai kyau, iyayen kirki haka suke yi, in kawo shi.

Alhaji ya zo da babbar riga mai aiki, ya sa turare, kalkuletarsa a aljihun gaba. A kasuwannin Guangzhou da ita ake magana, ka danna farashi ka tura, a danna a turo maka. Na zaci zai zo da mutanensa su shaida, amma shi kaɗai ya zo. Ya ce kada mu shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar unguwa, mu taka zuwa ta gaba, kada wani ya biyo mu. Muka taka cikin yayyafi, yana waiwaye, ni ina riƙe masa lema ina jin kamar na sato wani abu.

Ofishin ɗaki ɗaya ne mai tebura kaɗan, da firinta, da wata shuka da ke mutuwa a hankali a bakin taga. Ya yi nihaw, gaisuwar 'yan China, aka ba shi shayi a kofin takarda, ya riƙe bai sha ba. Idonsa yana neman ƙofar baya, don ya san kowace masana'anta tana da ɗakin baƙi a gaba, kayan suna ciki. Ya ga wata ƙofa ya nufe ta ya buɗe kafin in yi magana. Tsintsiya ce a ciki da bokiti da kwalayen takarda. Ya rufe a hankali.

Sai ya je gaban teburin lawban ya zauna. Ya ciro wayarsa ya ɗaga, ya zagaya yatsa a iska a samanta, ya ajiye kalkuleta ya tura mata. Ta dube ni. Dole na fassara, aikina ke nan. Na gaya mata da Turanci cewa babana yana son sanin farashin zango, ɗan madaidaici, na gari ɗaya. Ban taɓa jin muryata ta ƙanƙance haka ba. Ta ɗauka ban faɗa daidai ba, ta sa na maimaita. Yarinyar da ke teburin kusa, mai fassarar Faransanci, ta sunkuyar da kai kafaɗunta suna rawa.

Lawban ba ta yi dariya ba. Ta sa yatsa ɗaya ta mayar masa da kalkuletar, ko kallon ta ba ta yi ba.

"Meyo," ta ce. Babu.

Alhaji ya yi shekara da shekaru yana jin wannan kalma a shaguna. Ya san mai shagon da ke faɗinta idonsa na kan kalkuleta, wannan ƙari yake so. Ya san wanda ke faɗinta yana ɗaukar waya, wannan zai nemo wajen maƙwabci. Wadda ta ture kalkuleta ba ta duba ba, ya san babu ɗin ne. Na ga kafaɗarsa ta sauka. Abin da na yi mako ina faɗa da Hausar da muka gada ni da shi, wata baƙuwa ta gama shi da yatsa ɗaya.

"To tambaye ta, mi suke sayarwa nan?"

Na tambaya. Ta ce kalmomi. Don ta nuna masa 'yarsa tana aiki, ta jawo wani tsohon shafina da aka buga, ta miƙa masa. Ya riƙe shi nesa da ido.

"Wa ya yi wanga ja haka?"

"Bajamushen da ke duba aikina."

"Duka kuskure ne?"

"Ba duka ba, Baba. Yawanci dai."

Ya dube ni da tausayin da ban taɓa gani a fuskarsa ba. Ya ajiye shafin, ya sha shayin da ya huce. Na miƙe ina shirin mu yi sallama, sai na ga ya sa hannu a aljihu ya ciro wata 'yar takarda a ninke, irin wadda ke zuwa cikin kwalin fitila. Ya ce in gaya mata mutanensa ba sa iya karanta wannan, rabi rubutun China ne rabi wani Turanci da ko 'yan Najeriya ba sa ganewa, sai su yi ta cajin batir ba daidai ba, ya mutu, su dawo masa da fitila. Tana iya mayar da shi Faransanci?

A karon nan lawban da kanta ta jawo kalkuletar. Suka fara dannawa suna turawa. Ta kira mai Faransanci ta zo, Alhaji ya juya harshe zuwa Faransanci, suka ci gaba su uku, ba wanda ya ƙara bukatar in faɗi komai. Na koma kusa da shukar na zauna. Suka yi musayar lamba, ya ɗauki hoton allon da ke ƙofar bene don kada ya ɓata in zai dawo shi kaɗai.

A jirgi, da muka kusa sauka, ya juyo gare ni.

"Ashe da gaske ba ki da komi."

"Babu, Baba Alhaji."

"Allah shi kawo miki. Amma in kina batun kayan da ba naki ba, ki riƙa rage mishi gishiri. Ko ni da nike sayar da fitila ban taɓa yabon fitila haka ba."

Bai ce zai biyo ni gida ba, ni ma ban tambaya ba. Na dai ji takunsa a bayana har cikin lif. Da muka shiga Gwaggo tana kwashe tuwo. Ya tsaya a tsakiyar falo yana gyara hula.

"Hajiya, akwai saura?"

"Na 'yan Gine ya ƙare ne?"

"Miyar gyaɗa safe, miyar gyaɗa rana. Na fara mafarkin gyaɗa."

"Zauna dai, Alhaji. Kowa ya san ba don mu ka dawo ba, don kuka ce."

Ta zuba masa, ta ƙara nama. Da na shiga kicin na ba ta labarin cinikin da aka ƙulla a ofis, ta riƙe muciya ta dube ni.

"Kin kai shi, ya ƙulla da su, ke ko la'ada?"

Na ce ai ni ban iya Faransanci ba.

"Uwata, je ki zauna kawai."

Washegari mutanen Maraɗi da na Yamai suka dawo, kusurwar taga ta cika. Alhaji ya jira sai da kowa ya sa hannu a kwano, sannan ya yi sanarwa. Ya ce shi da ƙafarsa ya je kamfanin, ya buɗe har ɗakin ajiya, ba komai sai tsintsiya. Yarinyar Hajiya leburar rubutu ce, wani tsoho a Jamus yana bin ta da jan biro, a daina damun ta. Aka yi ta yi mini sannu. Hajiya ƙarama ta mutu a ranar, na koma 'yan mata. Ɗan Kano mai gilashin waya ya ce in kawo wayata ya canza mini gilashi kyauta, tunda ashe abin ba sauƙi.

Da aka watse na fita zubar da shara, na tarar da ɗan Yamai mai batura yana jirana a bakin lif. Ya duba hagu ya duba dama.

"Na ji abin da Alhaji ya faɗi. Shi ɗai kika kai, ko?"

"Shi kaɗai."

"Kuma ya dawo ya ce babu komi." Ya gyaɗa kai a hankali. "Wato ya kwashe duka."

Bayanin ya taho har bakina, da sharuɗɗansa da misalansa, har da wani sabon kwatance mai kyau da ya faɗo mini a take. Na tuna robobin tuwon da ke cikin firji, na haɗiye.

"Sai dai ka tambaye shi," na ce.

Bai tambaye shi ba, don ba a tambayar irin wannan kai tsaye. Ya dai riƙa zuwa kullum har aka gama baje koli, rana da yamma, yana zama dab da Alhaji ko zai ji wani abu ya suɓuce. Ya kuma kawo abokansa biyu su taya shi saurare, kowannensu da cin malmala biyu.